Ramin USB na yanke maka aiki: hob za ka saya, kati za ka saka, ko madabod za ka canza?

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce da la'asar ɗan yayata ya kira ni, ranar kasuwar Maigatari ce kuma ita ce ranar da ya fi samun mutane a ɗan shagon kwamfutar da ya buɗe a ƙauyensu, daga jin muryarsa na san ba lafiya, yake ce min Kawu wallahi kwamfutar nan ta gama kunyata ni, mutum uku na zaune suna jiran takarda, firinta ta ja rabin shafi ta tsaya, sai wannan ƙarar ta Windows ta cirewa da sakawa take ta yi alhali ba wanda ya taɓa komai. Wai ya kira wani mai gyara a birni ya ce masa madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone da shi, ita ce ta tafi, ya haɗo kuɗi ya kawo a canza, har ya fara maganar sayar da tunkiyar da yake kiwo don Sallah. Na ce masa tsaya tukuna, kar ka sayar da komai sai ka amsa min wasu tambayoyi.

Na daɗe ina wannan sana'a a nan gefen Gumel, buga takardu, katin ɗaurin aure, hoton fasfo, rajistar yara masu tafiya bautar ƙasa da sai an dangwala yatsa, kuma wannan matsala ta yankewar USB ta ci min kuɗi ba kaɗan ba kafin na gane kanta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don na san akwai irinsa da yawa a ƙauyukan Jigawa da Kano da kwamfuta ɗaya ce jarinsu, kuma zuwa Kano gyara kaɗai yini guda ne da kuɗin mota da shago a rufe. Abin da mutum zai kashe wa kuɗi bai wuce huɗu ba, hob mai wutarsa (ɗan akwatin da ke mayar da ramin USB ɗaya ya zama da yawa), katin USB da ake sokawa a ciki, fawa-fak (akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta), sai kuma madabod ko ma kwamfutar gaba ɗaya. Kowanne akwai ciwon da yake warkarwa, in ka sayi wanda ba na ciwonka ba kuɗinka sun tafi kuma matsalar na nan.

Ramin USB abu biyu yake ɗauka, wuta da saƙo. Baƙin ramin nan da muka saba da shi, USB 2.0, tun shekarar 2000 ya fito, ƙarafuna huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta biyu na saƙo, yana bada bolt 5 kuma ƙa'idarsa rabin amfiya ce kawai. Mai shuɗin harshe, USB 3.0, ya fito 2008, ƙarafunansa tara, yana bada amfiya 0.9, gudunsa a takarda ya kai ninki goma na wancan. To duk lokacin da ka ji wannan ƙarar ta yankewa, yawanci ɗayan biyu ne ya faru, ko wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, ko ƙarfen ciki ya saki bai taɓa ɗan uwansa ba. Ita madabod ɗin kanta, wato ƙwaƙwalwar jikinta da ke kula da ramukan, takan lalace, ban ce ba ta lalacewa ba, amma a cikin waɗanda suka zo hannuna ita ce ta ƙarshe a layi.

Ga abin da na tambayi yaron nan, kai ma ka tambayi kanka. Abu ɗaya ne ke yankewa ko duka tare suke tafiya, har da maus da kibod? In ka taɓa wayar ko ka ɗan girgiza filash ɗin yana yankewa? A wane lokaci yake yi, lokacin da firinta ta fara ɗumama, ko lokacin da aka ɗauke wuta aka koma inbata, ko kuwa bayan ka bar kwamfutar ta ɗan zauna ba aiki? Sannan ramin gaba kake amfani da shi ko na baya? Amsarsa ita ce ramin gaba, komai a gaba, saboda kwamfutar na ƙarƙashin tebur jingine da bango kuma leƙa bayanta wahala ne.

Nan ne mutane da yawa ba su san bambancin ba. Ramukan baya a jikin madabod suke, an like su da dalma kai tsaye. Na gaba kuwa wata 'yar waya ce ta taso daga madabod ta bi cikin akwatin ta zo gaba, siririya, wani lokaci ma kan nata ya ɗan zame daga mazauninsa tun a hanyar kawo kwamfutar a bayan mota. Kuma na gaba su ne kowa ke sokawa. Ƙa'idar da aka gina irin wannan babban ramin a kai ita ce ya jure sakawa da cirewa aƙalla sau 1,500, toh in kana karɓar filash goma a rana ka lissafa da kanka, wata biyar ka cinye wannan adadin, balle kwamfutar da aka yi shekaru ana aiki da ita a wani ofis a Turai kafin ta iso gare ka. Yakan wuce haka nesa yana aiki, amma ka ga dalilin da ramin gaba ke fara yin sako-sako. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ta zauna a kan ƙarafunan. Don haka kafin ka kashe ko sisi, mayar da firinta da kibod da maus da na'urar dangwala yatsa baya, ka yi kwana biyu ka gani. Don filash ɗin kwastoma kuma ka sayi 'yar gajeriyar wayar ƙari mai kauri, ka soka ta a baya ka ɗoro bakinta kan tebur, ita za ta riƙa cin wahalar, in ta gaji ka yar ka sayi wata.

Waya ma haka. Wayar firinta doguwa mai arha, wadda in ka lanƙwasa ta kamar zare, tana zubar da wuta a hanya kuma ba ta da rigar kariya ta kirki. USB 2.0 iyakarsa mita 5, shi kuwa 3.0 kar ka wuce mita 3, kuma kar ka haɗa ƙari a kan ƙari. In firintar na nesa kuma tana da ramin wayar netwok, ka rabu da USB ɗin kwata-kwata ka haɗa ta da wannan, tana kai mita 100 ba ta damu ba.

Sai Windows. In yankewar na zuwa ne bayan kwamfuta ta ɗan huta, to ita ce ke kashe ramin da kanta wai don tsimin wuta. Ka shiga Power Options ka nemo USB selective suspend ka kashe shi, sannan a Device Manager ka buɗe kowane USB Root Hub ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. Minti biyar ne, kyauta.

To in ka yi duk wannan abu bai daina ba, yanzu ne aka zo maganar kuɗi, kuma gaskiya zaɓin da ya fi rikita mutane shi ne tsakanin hob da kati.

Hob iri biyu ne kuma wallahi bambancinsu kamar dare da rana. Akwai ƙaramin nan da ake sayarwa a teburin masu caja, rami huɗu da 'yar waya, ba shi da wutar kansa. Wannan rabin amfiyar da rami ɗaya ke bayarwa ita zai raba wa huɗu, kamar ka ɗebo ruwa bokiti ɗaya ka ce gida huɗu su yi girki da wanka. Maus da kibod zai ɗauka lafiya. Amma ka soka masa had-disk na waje, irin ƙaramin nan da ba shi da caja, za ka ji yana ƙas ƙas yana son tashi ya kasa, domin lokacin da faifan ciki zai fara juyawa ne ya fi jan wuta, kuma yana ja sai sauran abubuwan da ke kan hob ɗin su yanke. Mai matsalar yankewa in ya sayi irin wannan ƙara wa kansa ciwo ya yi. Wanda nake nufi shi ne mai zuwa da adaftarsa da ake sokawa a soket. Shi wutar daga bango yake ɗauka, saƙo kawai yake karɓa daga kwamfuta, ka ga ya sauke wa madabod nauyi. Ka duba rubutun jikin adaftar kafin ka biya, in rami huɗu ne na 2.0 kana son amfiya 2, in huɗu ne na 3.0 kuma kana son kowanne ya cika to lissafin amfiya 3.6 ne a bolt 5, shi ya sa masu kyaun sukan zo da adafta mai bolt 12 su rage ta a ciki. In ka ga hob mai rami bakwai da 'yar adafta mara nauyi kamar cajar ƙaramar waya, ajiye musu kayansu.

Daɗin hob shi ne ba sai ka buɗe kwamfuta ba, ba direba (manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura), ba sukundireba, yaron shago ma zai haɗa, kuma gobe in ka canza kwamfuta ko ka sayi laftof da shi za ka tafi. Amma yana da aibu uku da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Na farko, har yanzu ta rami ɗaya na madabod yake bi, in wannan ramin ko ƙwaƙwalwar da ke bayansa ce ke da ciwo to duk abin da ke kan hob ɗin tare za su riƙa yankewa. Na biyu, kuma wannan namu ne na ƙauye, in kwamfutarka na kan UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, amma adaftar hob na soket ɗin bango, ana ɗauke wuta kwamfuta za ta ci gaba amma hob ya faɗi, in kuwa lokacin ana kwafar aikin wani ɗalibi zuwa filash to fayil ɗin na iya lalacewa, ni ya taɓa faruwa da ni da furojet ɗin wata yarinya kuma har yau in na tuna raina na ɓaci. Dole adaftar ta zauna a kan UPS ko inbata ɗaya da kwamfutar. Na uku, wasu masu arhar suna mayar da wuta baya cikin kwamfuta, za ka kashe ta ka zare wayarta amma ka ga wata fitila a ciki na ci ko fanka na motsi, wani lokaci ma ta ƙi tashi sai ka zare hob ɗin. In ka ga haka ka mayar da shi, ba abin wasa ba ne ga madabod.

Shi kuwa kati wani abu ne daban. Ɗan allo ne da ake sokawa a gurbin PCIe na cikin kwamfuta, ramukansa su leƙo ta baya, kuma yana zuwa da ƙwaƙwalwarsa ta kansa, galibi ta kamfanin Renesas ko VIA ko ASMedia ko Fresco Logic. Ma'ana ya kewaye ramukan madabod gaba ɗaya. In tsawa ko wata na'ura mai shot ta kashe maka ramukan baya, ko kwamfutarka tsohuwa ce mai baƙaƙen ramuka zalla kana son gudun 3.0 don kwafar bidiyon biki, kati ne maganinka, hob ba zai yi maka komai ba a nan. Kuma a ciki yake, wutarsa ɗaya da ta kwamfuta, babu maganar wata adafta ta faɗi ita kaɗai, babu tarin wayoyi a tebur da yara za su ja.

Sai dai sayensa na son ido. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu irin siraran nan ne na ofis, HP da Dell da Lenovo na hannu, kuma siririn akwati sai kati mai gajeren ƙarfe, in ka sayo mai dogon ƙarfe murfi ba zai rufu ba, don haka ka tabbatar akwai gajeren a cikin kwalin. Ka buɗe kwamfutarka ka ɗauki hoton gurbin kafin ka tafi kasuwa, domin tsohon gurbin PCI, dogon nan da yawanci fari ne, daban yake da PCIe kuma katinsu ba ya shiga na juna. Sannan maganar wuta, gurbin PCIe bolt 12 da 3.3 yake bayarwa, ba ya bada 5, shi ya sa wasu katunan ke da baki a gefe da sai ka jona musu wayar wuta irin ta had-disk, wasu kuma suna rage 12 ɗin da kansu. A siririyar kwamfuta sau da yawa babu ragowar wannan wayar, in ka sayi mai buƙatarta ka bar shi haka, filash ma wani lokaci ba zai gani ba. In kana kan Windows 7 har yanzu, kamar yadda na san wasu na kai saboda tsohuwar firinta, sai ka saka direba da hannu domin ita ba ta san USB 3.0 ba, daga Windows 8 zuwa sama ne suke gane shi da kansu. Abu na ƙarshe, tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ganin kibod ɗin da ke kan kati sai Windows ta gama tashi, ranar da kake son shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, za ka yi ta danna maɓalli ba amsa. In bayan kwamfutarka akwai zagayayyun ramukan nan biyu na da, mai launin shunayya na kibod da kore na maus, PS/2 kenan, ka nemi kibod ɗinsu ka ajiye, ba ruwansu da rikicin USB, illa dai a kashe ake soka su.

In ka ce in zaɓa maka tsakanin biyun, ga yadda nake yi. Ramukan baya na aiki amma abu na yankewa in kaya sun yi yawa, ko in an soka had-disk ko kyamara, hob mai wutarsa. Ramukan baya sun mutu, ko wasu sun mutu saura na wasa ko da maus kaɗai ne a jiki, kati. Wanda kuma bai taɓa buɗe kwamfuta ba kuma babu mai taya shi a kusa, ya fara da hob, in bai yi ba bai yi asara ba don zai yi masa amfani ko bayan ya saka katin.

Wani abu da zai ba ka mamaki, ba komai ne ke son shuɗin rami ba. Firinta, kibod, maus, na'urar dangwala yatsa, duk ba sa buƙatar gudun 3.0, kuma tsofaffin cikinsu sun fi zama lafiya a baƙin rami. Maus mara waya kuwa, ɗan abin da ake soka masa yana magana ne a zangon 2.4 gigahaz, kuma USB 3.0 in yana aiki yana fitar da hayaniya a daidai wannan zangon, kamfanin Intel da kansa ya fitar da bayani a kan haka a 2012. In maus ɗinka na tsalle duk lokacin da kake kwafa zuwa had-disk, nisanta su kawai, ka sa ɗan abin a kan wayar ƙari.

Yanzu wutar kanta, wadda a wajenmu ita ce uwar matsala. Firintar leza lokacin da take ɗumama abin da ke gasa tawada a takarda tana jan wuta mai yawa a lokaci guda, in ƙaramar inbata ce ko ƙaramin janareta sai wutar shagon duka ta ɗan durƙusa, za ka ga ma ƙwan fitila ya yi ƙasa ya dawo. Kwamfutar ba lallai ta mutu ba amma abubuwan USB su ne ke fara saki. In yankewarka na zuwa daidai da kukan firinta, babu hob ko kati ko sabuwar madabod da za ta raba ka da ita, sai dai kwamfuta ta samu UPS nata ita kaɗai, kuma kar ka ɗora firintar leza a kan ƙaramin UPS ɗin. Fawa-fak kuma in ya tsufa, zafin bazara da ƙura sun dafa shi, bolt 5 ɗinsa kan sauka, ƙa'ida kar ya yi ƙasa da 4.75. Mai gyaran rediyo ko waya na garinku yana da mita, zai iya auna maka. A kwamfutar haɗi, canza fawa-fak abu ne mai sauƙi kuma ya fi madabod arha. Amma a yawancin siraran HP da Dell na baya-bayan nan fawa-fak ɗin bolt 12 kawai yake bayarwa ta wani baki nasu na musamman mai ƙafa shida ko takwas, madabod ce ke haɗa 5 ɗin da kanta, ka ga a irin waɗannan canza fawa-fak ba lallai ya taɓa matsalar ba, hob mai wutarsa ya fi kusa da magani.

Sannan wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa at. Shaguna nawa ne a ƙauyukanmu ke da ita? Waya biyu ake ja daga sola ko inji shikenan. In kana taɓa bayan kwamfuta ko bakin wayar firinta kana jin tana ɗan jan ka, to babu at, kuma wannan wutar da kake ji a yatsa ita ce ke bi ta wayar USB duk lokacin da ka soka firinta. Da hunturu kuma iska ta bushe, ka tashi daga kujerar roba ka miƙa filash sai ka ji tas, wani lokaci har allo ya ƙifta. Irin wannan ne ke kashe ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ka sa mai wayarin ya kafa maka sandar at a wuri mai danshi ya jawo ta soket, ka sa firinta da kwamfuta su samu at ɗaya, ka saba taɓa ƙarfen akwatin kafin ka soka abu, da damina kuma in hadari ya haɗo ka zare komai. In ba ka yi wannan ba, sabon katin ma hanyar tsofaffin ramukan zai bi.

Akwai kuma lokacin da laifin na madabod ne amma ba lalacewa ta yi ba. A farkon 2021 masu madabod ɗin AMD na B550 da X570 suka yi ta kuka a duniya cewa USB na yanke musu, sababbi fil masu tsada, kamfanin ya amsa cewa akwai matsalar, ya fitar da gyara mai suna AGESA 1.2.0.2 wanda ya zo cikin sabon BIOS, kafin nan kuma ana rage ta ne ta hanyar mayar da PCIe daga zubi na 4 zuwa na 3 a cikin BIOS. Mu nan ba kowa ke da irinsu ba, amma masu haɗa bidiyon biki da suka sayi kwamfutar haɗi ta hannu za su iya faɗawa kanta. In kai ne, sabunta BIOS ne maganin ba sayen komai ba. Amma don Allah kar ka yi shi a kan wutar da ba ka yarda da ita ba, in ta ɗauke a tsakiya madabod ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata, ka bari sai batir ya cika da rana tsaka ko ka kai inda ke da UPS mai kyau.

To yaushe ne canza madabod ya zama dole? In ramuka duka sun mutu har kibod ba ya aiki a BIOS, ko ka ga wurin da ya ƙone, ko ƙananan gwangwanayen nan na jikinta sun kumbura suna tsatsa a kai, kuma babu gurbin da za ka soka kati. Ko a nan ma akwai gwaji ɗaya da ya rage. Wasu kwamfutocin suna rubuta maka tun a farkon tashi cewa wani USB na jan wuta fiye da kima sannan su kashe kansu, mutum ya ɗauka shikenan ta mutu, alhali sau da yawa harshen roba ne ya karye a ramin gaba ƙarafuna suka haɗu. Haska tocila ka duba, ka zare wayar ramukan gaba daga jikin madabod, ka kunna. Na ga wadda ta tashi da wannan kaɗai.

In kuma ta tabbata ta tafi, ni ban cika son sayen madabod ita kaɗai ba in kwamfutar ta ofis ce. Dole sai irin ta sak, lamba ɗaya girman akwati ɗaya, domin bakin wutarta da na maɓallin gaba nasu ne na musamman, kuma wadda za a ba ka ita ma ciro ta aka yi daga wata mai shekaru ɗaya da taka, ba ka san abin da ta gani ba. Lasisin Windows ma da madabod yake ɗaure. In ka haɗa kuɗinta da na aiki da na mota zuwa Kano da dawowa, sau da yawa ƙari kaɗan za ka yi ka ɗauki wata kwamfutar sukutum, ka cire had-disk da ram (memorin da kwamfuta ke aiki da shi) na tsohuwar ka ajiye. In za ka saya, a kwamfutoci masu furosesar Intel daga zubi na uku na 2012 ne USB 3.0 ya shigo cikin madabod kai tsaye, amma ba duka ba, yawancin madabod masu lambar H61 ba su da shi, don haka ka duba da idonka, shuɗin harshe ko alamar SS a gefen ramin, don wasu baƙaƙe ne amma 3.0 ne. In kuɗinka sun kai, zubi na takwas zuwa sama ya fi, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 kuma Windows 11 daga nan take farawa a hukumance. Kuma ka tafi da filash ɗinka da maus, a gaban mai shagon ka soka a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ka ɗan girgiza, ka kwafi babban fayil ka ga ya kai ƙarshe. Mai kaya na gari ba zai hana ka ba.

Shi dai ɗan yayata da muka bi abin a waya, matsala biyu ce ta haɗu masa. Ramin gaba ɗaya ya yi sako-sako har filash na rawa a ciki, sannan firintar leza da kwamfuta da fanka duk a kan 'yar inbata ɗaya suke. Ya ja teburin daga bango ya mayar da komai baya a daren, washegari Juma'a ya ce sau ɗaya kawai ta yanke, shi ma daidai lokacin da firinta ta fara ɗumama. Na ba shi tsohon UPS ɗina da batirinsa ke da saura, na sa wani direban motar Kano ya taho masa da gajeriyar wayar firinta mai kauri da hob mai adafta saboda had-disk ɗin da yake ajiye hotunan mutane. Tunkiyar na nan a turkenta. Abin da ya rage shi ne at, don ya ce bayan kwamfutar na jan sa, kuma mun yi da mai wayarin ranar Asabar bayan azahar za mu je mu kafa sandar a bayan shagon, kusa da inda ake zubar da ruwan randa.